Gonakin giya na Stellenbosch ko kwarin inabin ci na Hex: amsa ga ɗan'uwanmu na Aliero

Alhaji, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na idar da sallar asuba hankali ya kwanta sannan na zauna amsawa. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu manomin albasa ne daga Aliero, zai je wani taro na harkar noma a Cape Town ta Afirka ta Kudu cikin watan Fabrairu. Masu taron sun ware rana guda ta fita gari, sun ba da zaɓi biyu. Ko dai a zaga gonakin inabin da ake yin giya da shi a Stellenbosch, inda ake zaunar da baƙi su ɗanɗana, ko kuma a tafi kwarin kogin Hex a ga yadda ake noman inabin ci da shirya shi cikin kwali. Ya ce shi ba ya sha kuma ba zai sha ba, amma abokan tafiya sun dame shi cewa wanda ya je Cape Town bai ga Stellenbosch ba kamar bai je ba ne.

Allah ya sa na taka wuraren nan biyu a wata tafiya ta aikin gona da muka yi, kuma shawarata ita ce ka tafi Hex. Sai dai ba na so ka ɗauka don kawai na faɗa, gara in shimfiɗa maka abin da ke kowane ɓangare ka auna da kanka.

Fara da ɗan inabin kansa, domin mutane da yawa a nan gida suna zaton iri ɗaya ne. Na giya ƙanana ne, wani bai wuce ƙwayar gujiya ba, fatarsa da kauri, cikinsa da 'ya'ya, a cushe suke a jikin nonon inabin, wato curinsa, kamar an matse su da hannu. In ka tauna za ka ji zaƙi mai ƙarfi, sannan wani bauri ya kama maka harshe irin na ɗanyen goro. Wannan baurin da launin da ke cikin fatar su mai yin giya yake nema. Na ci kuwa, irin wanda ake kawo mana cikin 'yar roba a shagunan Birnin Kebbi, manya ne, fatar ba kauri, da yawa ba su da ƙwallo, kana cizawa ka ji ƙaras. Abin da zai ba ka mamaki shi ne na giyar ya fi zaƙi. Akwai wata 'yar na'ura kamar tocilan da suke ɗiga ruwan inabi a kai su leƙa, ta nuna yawan sukari. Na ci ana yanke shi in ya kai wajen 16 zuwa 18 cikin ɗari, na giya kuwa sai ya haura 22, wani har 25. Sukarin nan shi yis yake ci ya mayar da shi barasa. Shi ya sa a ƙasa mai zafi, inda rana ke dafa inabi sosai, giyar kan fi ƙarfi, ta kai 14 ko 15 cikin ɗari, tsaminta kuma ya ragu, har manoman kan yi yanka da sassafe ko da dare don kada zafi ya riga su.

Stellenbosch ba ta da nisa, kusan kilomita 50 ce gabas da Cape Town, ƙasa da awa guda a mota. Ba zan rage mata komai ba, wuri ne mai kyau ƙwarai. Duwatsu sun kewaye ta, layukan kuranga, wato itacen inabi, sun hau gangare a jere kamar an ja su da igiya, ga tsofaffin gidaje farare tas masu rufin ciyawa. Garin tsoho ne, gwamnan 'yan Holan Simon van der Stel ne ya kafa shi a 1679, shekara ashirin bayan an fara matse inabi a yankin a 1659. A 1688 wasu Faransawa da suka gudo saboda rikicin addini suka zauna a kwarin da ke kusa, wanda ake kira Franschhoek, suka ƙara wa sana'ar ƙarfi. A jami'ar Stellenbosch ne kuma wani farfesa, Abraham Perold, ya haɗa iri biyu a 1925 ya fitar da inabin da suke kira Pinotage, wanda suke alfahari da shi a matsayin nasu na kansu. Tun 1971 aka tsara hanyar da baƙi ke bi gona zuwa gona, don haka sun daɗe da ƙwarewa wajen karɓar baƙo.

To amma me ake yi a ranar? Mota ta sauke ku a gona ta farko. Wataƙila a zaga da ku minti ashirin cikin kuranga da ɗakin da aka jera gangunan katako, wurin da sanyi, warin tsimi ya cika shi har ya kama tufafi. Daga nan sai tebur. A jera wa kowa kofunan gilashi, a zuba kala biyar ko shida kaɗan-kaɗan, mai bayani yana faɗin a juya kofin, a shinshina, a kurɓa, wanda ya ga dama ya tofar a wani kwano da aka ajiye. A tashi a tafi gona ta biyu a maimaita, a ci abincin rana da kwalba a tsakiyar tebur, a tafi ta uku. Zaman teburin nan shi ne ainihin tafiyar, shi aka biya wa kuɗi, sauran duk rakiya ce. Ni da na je, a gona ta farko na fita na zauna ƙarƙashin wata bishiya ina jiran su gama. Wata ma'aikaciya ta kawo mini ruwan inabi zalla mai sanyi, ta nuna mini rubutun kwalbar don in natsu, kuma na ji daɗin karamcinta. Amma da aka kai gona ta uku na lissafa, fiye da rabin yinin a zaman jira ya tafi, abokan tafiya kuma murya ta fara tashi, hirar noma ta mutu tun azahar.

A nan akwai abin da ya kamata ka sani ko da wani wuri ka je cin abinci. Ruwan inabi zalla daban, abin da suke kira giyar da aka cire wa barasa daban. Ta biyun giya ce aka yi ta har ta tsimu, sannan aka zare barasar da inji, kuma ana barin ɗan saura da zai iya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Kwalaben sun yi kama, don haka ka karanta, ka kuma nemi tambarin halal. Hukumomin Musulmin ƙasar irin su MJC da SANHA suna sa tambarinsu a kan kaya da gidajen abinci, kuma a Cape Town ba wuyar samu.

Maganar addini ba sai na tsawaita maka ba, kai ma ka sani. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, bai tsaya kan mai sha kaɗai ba. Mutumin da ya fito daga jihar da ake shari'a, ga hotuna ana ɗauka ana watsawa a waya, ba sai an gaya masa abin da hoto guda da kofi a gabansa zai jawo masa a gida ba, ko da ruwa ne a ciki.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai, wanda mai bayani bai taɓo ba sai da na tambaya. Gonakin nan bayi ne suka gina su, waɗanda aka kwaso daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, kuma cikinsu akwai Musulmi. Bayan an soke bauta a 1834 sai aka ci gaba da wata al'ada ta biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. An haramta ta a doka a 1960, amma ta ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990, kuma har yau yankin na fama da yaran da ake haifa da nakasa saboda shan uwa lokacin goyon ciki. Na tsaya ina kallon farin ginin nan mai kyau, zuciyata ta ƙi sakewa.

Hex ta fi nisa. Garin da ke tsakiyar kwarin, De Doorns, kusan kilomita 140 ne daga Cape Town a kan babbar hanyar N1. Za ku wuce Paarl, ku ratsa ramin da aka huda cikin dutse mai tsawon kusan kilomita huɗu, ku wuce Worcester, sannan kwarin ya buɗe. Sammako ake yi, kuma zafin wurin a Fabrairu ba wasa, ko da yake ga mutumin da ya saba da Afrilun Kebbi ba abin tsoro ba ne. Sa'arka ita ce lokacin kaka ne a can, yanka na kan ganiyarsa.

A nan kurangar ba a tsaye take kamar shinge ba, rumfa ake yi mata sama da kai, ka shiga ƙarƙashi cikin inuwa nonnan inabi na reto a gabanka. Na tsaya kusa da wata mata mai yanka na kalli hannunta. Ba ta taɓa 'ya'yan, ta kara take kamawa, saboda akwai wata farar ƙura a jikin inabi wadda in yatsa ya goge ta mai saye a Turai zai ce kayan sun sha hannu. Ta juya nonon inabin, ta sa ɗan siririn almakashi ta cire ƙwaya biyu da tsuntsu ya tsaga, ta kwantar da shi cikin akwati a hankali kamar mai kwantar da jariri, layi ɗaya, ba a ɗora wani kan wani. Tun watanni kafin nan an bi kowane nono an rage masa 'ya'ya don sauran su samu wurin girma. A ƙasa kuma ga siririn tiyo yana bin gindi yana ɗigar da ruwa, taki ma ta cikinsa ake narkawa a tura.

Rumbun shiryawa shi ne inda na so a ce duk manoman fadamarmu sun gani. Kafin ka shiga sai ka wanke hannu, ka sa hular raga, ka cire agogo da zobe. Ana tantancewa, a auna, a zuba cikin robobi na rabin kilo ko kwali na kilo huɗu da rabi, a shimfiɗa wata takarda mai magani a sama don hana ruɓa, a tura ɗakin sanyi a sauke zafin kayan zuwa kusan sifiri. Daga nan sanyin ba ya yankewa, daga mota zuwa jirgin ruwa har Holan ko Ingila, tafiyar mako biyu zuwa uku, inabin ya isa kamar yau aka yanke. Kowane kwali da lambar da za ta nuna gonar da ya fito. Ina tsaye a wurin sai buhunan albasar Aliero suka faɗo mini a rai, yadda ake jibga su a rana bakin titi ana jiran mota, da kwandunan tumatir da ke tsiyaya kafin su kai Legas. Ka san asarar da ka yi bara a ajiya fiye da ni. A Hex ma ɗanɗanawa ake ba baƙo, a yanko maka ja mara ƙwallo da kore da baƙi, ka ci ka ƙoshi ba tare da ka tambayi kowa mene ne a ciki ba.

Kada in nuna maka kamar can aljanna ce. A De Doorns ɗin nan ne leburorin gona suka yi babban yajin aiki a ƙarshen 2012, suka tare hanya, aka ƙona gonaki, saboda ladan yini na rand 69, kuɗin ƙasar. Sun nemi 150, gwamnati ta mayar da shi 105 a 2013. Za ka ga unguwannin kwano a gefen hanya inda masu aikin kaka ke zama, da yawansu baƙi daga Lesotho da Zimbabuwe. In ka samu dama ka gaisa da su, ka tambayi mai gonar yadda yake biya, tambaya ce da manomi zai iya yi wa manomi.

Kada kuma ka dawo da niyyar kwafe nomansu kai tsaye. Su ruwan samansu da sanyi yake zuwa, daga Mayu zuwa Agusta, kurangar ta zubar da ganye ta yi barci, ta farka ta yi 'ya'ya cikin rani busasshe. Mu ruwanmu da zafi yake zuwa, danshin damina kuma shi ne abokin cutar ganyen inabi, hunturunmu bai kai ya sa kuranga barci ba. Wanda ke son noman inabi a ƙasa irin tamu, darasinsa na wajen manoman Nashik a Indiya, masu yi wa kuranga aski sau biyu a shekara don 'ya'yan su faɗo cikin rani, ko ma nan kusa, a Kudan ta jihar Kaduna, inda ake noma shi ana sayarwa. Abin da za ka ɗauko daga Hex shi ne ban-ruwan ɗigo, tantance kaya tun daga gona, da yadda ake raba amfanin gona da zafin rana tun sa'ar da aka cire shi. Waɗannan sun shafi albasa kamar yadda suka shafi inabi.

In kuma kyan Stellenbosch ne ke jan ka, ba sai ka bi motar masu ɗanɗano ba. Ka ɗauki tasi wata yamma bayan taro, ka zaga garin da ƙafa, akwai masallaci a ciki. A hanyar dawowa ka biya Macassar, inda kabarin Shehu Yusuf yake, malamin da 'yan Holan suka koro daga ƙasarsa suka kawo nan a 1694, ya rasu a 1699. Ranar Juma'a kuma ka nemi unguwar Bo-Kaap cikin Cape Town, a nan masallacin Auwal yake, wanda aka kafa a 1794, na farko a ƙasar.

Ka tambayi masu taron tun yanzu ko ziyarar Hex ta haɗa da shiga rumbun shiryawa, domin lokacin kaka ba kowace gona ke buɗe wa baƙi ba sai an nemi izini da wuri. Ka kuma gaya musu abincin halal kake so, don wasu masu shirya tafiya kan tsaya cin abinci a gidan giya a hanyar dawowa ta Paarl. Ka tafi da hula mai faɗi, da takalmi rufaffe, da ɗan littafin rubutu. In ka shiga ɗakin sanyin ka tambaye su awa nawa ke tsakanin yanka da shigar kaya ciki, da abin da suke yi in wuta ta ɗauke, don su ma sun sha fama da ɗaukewar wuta. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya, Alhaji.