Laburaren intanet ɗin da na yi rajista: littattafai tuli, amma makaho sai dai ya ji labari

Wata uku kenan ina amfani da wani laburare na intanet, ba zan kama suna ba. Ni makaho ne, da kunne nake karatu, NVDA a kwamfuta, TalkBack a waya, su ke karanta min abin da ke kan allo.

Gaskiya suna da littattafai, wannan kam ba a cewa komai. Amma tun daga ƙofa aka fara wasan, wajen rajista sai ga CAPTCHA, gwajin nan na tabbatar da cewa kai mutum ne, wai in zaɓi hotunan da ke da mota, to da wane idon? Babu na sauti sam, sai da na kira ƙanwata ta danna min. Da na shiga kuma ina bi da Tab na kibod sai NVDA ta dinga cewa maɓalli, maɓalli, maɓalli, ba suna ba komai, wanne ne na bincike wanne ne na saukewa Allah kaɗai ya sani, sai dai ka danna ka ji inda ka faɗa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne PDF ɗinsu. Yawancinsu sikanin kawai aka yi, wato hoton shafi ne ba rubutu ba, mai ido yana ganin haruffa, ni kuwa manhajata ta yi tsit kamar an ɗauke wuta. Da sun bi da su ta OCR, fasahar da ke mayar da hoton shafi zuwa rubutu, da an wuce wajen. Na ce bari in sauke in yi da kaina, ashe sun kulle fayil ɗin saboda haƙƙin mallaka, alhali tun 2013 aka yi yarjejeniyar Marakesh a Maroko, wadda ta ba da damar mayar da littafi yadda makaho zai iya karantawa ba sai an nemi izinin mai shi ba. Bookshare, laburaren intanet na makafi da masu matsalar karatu, ai tun 2002 suke wannan aikin.

'Yan littattafan da suka sa a EPUB, wato tsarin fayil na littafin lantarki, kam wallahi sun yi daɗi, ina tsallakawa babi zuwa babi da kanun rubutu, sai dai in an zo kan taswira ko jadawali ka ji an ce hoto, shi kenan, ba bayani.

Na tura musu saƙo har sau biyu, har ƙa'idojin WCAG, na yadda za a tsara shafin intanet don nakasassu su iya amfani da shi, na ambata musu, amsa ɗaya ce, wai suna dubawa. Tauraro biyu na ba su cikin biyar, su ma don EPUB ɗin nan ne.