Sharhi a kan maganin pembrolizumab da Mma ke karɓa a Kumasi

Mahaifiyarmu tana fama da sankarar fata mai suna melanoma. Daga wani baƙin tabo a tafin ƙafarta ta fara, kuma kafin a gano ta har ta kai kaluluwa da huhu. A wurinmu baƙaƙen fata, tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce ta fi fitowa, shi ya sa mutane ke ɗaukarta kaushi ne ko gyambo.

Likita ya fara aika tsokar da aka yanka don gwajin BRAF, wato a duba ko akwai wani canji a ƙwayar halittar sankarar. Da an samu wannan canjin, da ƙwayoyin dabrafenib da trametinib sun yi mata amfani. Ba a samu ba, sai aka ɗora ta a kan pembrolizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2014. Ta ƙarin ruwa ake ba da shi, kimanin minti 30, duk mako 3. Aikinsa shi ne ya cire takunkumin da sankarar ta sa wa garkuwar jiki, jikin ya yaƙe ta da kansa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne Mma ba ta kwanta ba. Gashinta bai zube ba, tana cin tuwonta, tana zuwa suna da biki a Aboabo da sandarta. Ƙaiƙayi ya dame ta a baya da damtse, ga kasala, daga baya gwajin jini ya nuna tayirod ɗinta, wata halitta da ke gaban wuya, ya yi rauni, aka ba ta ƙwaya guda kullum da safe. Nas ta ja mata kunne: "Hajiya, in kin ga gudawa kada ki nemi maganin kanti, ki zo mana a ranar." Garkuwar kan juya ta kumbura hanji, kuma abin na iya yin muni.

Likitan, Allah ya saka masa, bai rufe mu ba. Ya ce ba kowa maganin ke karɓa ba, kuma irin ta tafin ƙafa ba ta jin sa kamar wadda rana ke jawowa. Hoton huhu na baya-bayan nan ya nuna tabon ya ragu, alhamdulillahi.

Tsada ce babbar damuwa. Katin inshora bai ɗauke shi ba, karo-karo muke yi da 'yan uwa na unguwar Nima a Accra. Mai shirin farawa ya tambayi kuɗin kowane zagaye da tsawon lokacin da za a ɗauka, ya kuma nemi a haɗa shi da masu kula da raɗaɗi tun farko.