Rigar zuwa bat mitzvah: mai shagon ta burge ni, zif ɗinta ya kunyata mu

Shagon nan na kayan mata da ke unguwar Borough Park a Brooklyn, cikin birnin New York, inda matanmu na Bronx suke zuwa neman dogon siket, niyyata in yabe shi ba ragi.

Ƙawar 'yata ta makaranta ce ta cika shekara 13, aka gayyace mu bat mitzvah ɗinta, wato bikin balagar yarinya a addinin Yahudawa, da safiyar Asabar a majami'arsu, da dare liyafa. Na je saya wa 'yata riga. Ina faɗa wa mai shagon, ba ta ko miƙa hannu kan kaya ba sai da ta tambayi wace irin majami'a ce. Ta ce su masu riƙon gargajiya a shekara 12 suke yi wa yarinya, amma waɗanda ke kai wa 13 galibi yarinyar da kanta take tashi ta karanta Attaura a gaban jama'a, kuma zaman yana da tsawo. Ta ce kafaɗa a rufe, riga ta sauka ƙasan gwiwa, kada ƙyalli ya yi yawa tunda ranar ta mai bikin ce. Na yi dariya, don dokar gidana ke nan. Ta hana ni sayen riga 2, ta zaɓo mana shuɗiya mai duhu, mai dogon hannu, wadda za ta yi safe ta yi dare. Har takalmi mai tsini ta ce mu bari, wai 'yan mata tuɓewa suke yi su sa safar da ake rabawa a filin rawa. Haka kuwa aka yi. Ɗan kasuwar da zai hana ka kashe kuɗi a shagonsa, a Amurkar nan, ai abin a faɗa ne.

To amma zif ɗin! Sun rage mana ƙugun rigar a wurin telansu, da kuɗi daban. Ana cikin rawarsu ta gargajiya da ake kira hora, an yi da'ira an ɗaga mai biki a kan kujera, zif ya balle tun daga wuya har tsakiyar baya. 'Yata ta fito idonta cike da hawaye. Allah ya taimaka akwai rigunan sanyi masu sunan mai bikin da aka raba wa yara, a ciki ta ƙarasa daren, duk hotunanta haka suka fito.

Ran Lahadi na mayar. Matar nan mai fara'a ta duba ta ce kayan da aka yi wa gyara ba a karɓa. Waye ya yi gyaran? Telanku fa! Da ƙyar suka yarda su canja zif, shi ma sai na biya rabi. Kuma yanzu na tuna, ranar Juma'a da suka ce in je ɗauka, suna ta saurin rufewa kafin faɗuwar rana, ko gwadawa ba su bari 'yata ta yi ba. Rufewar ba laifi, addininsu ne, amma ai sai su ce in zo Alhamis.

Yadin yana da kyau, bai zuba ba a wanki. Idan za ki je, ki karɓi shawararta, ki kai wa telanki gyaran.