Shagon Ɗaukar Wasa da Ƙididdigar Na'ura a Jos: Abin da Yake Iyawa da Inda Yake Kasawa

A wajajen Farin Gada akwai wani ɗan shago da matasa biyu suke gudanarwa, sana'arsu ita ce ɗaukar bidiyon wasannin ƙungiyoyin unguwa, sannan su shigar da shi cikin manhajar ƙirƙirarriyar basira domin ta fitar da ƙididdigar abin da kowane ɗan wasa ya yi a fili. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17, kuma ƙungiyarmu ta yi aiki da su a kakar da ta wuce.

Jos ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Mighty Jets ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ɗauki kofin a 2017, kuma a nan aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa. Amma a zamanin da waɗannan biyu suke tasowa, yaro ba shi da wata hanyar nuna kansa sai dai mai neman 'yan wasa ya zo fili ya gan shi da idonsa, kuma in ranar ƙafarsa ba ta tashi ba, to damar ta wuce. Wannan giɓi ne shagon yake ƙoƙarin cikewa.

Suna zuwa da kyamara guda ɗaure a kan doguwar sanda, su kafa ta a tsakiyar gefen fili, su ɗauki wasan daga farko har alƙali ya busa tashi. Bayan 'yan kwanaki sai su turo cikakken bidiyon ta WhatsApp, tare da rahoton da ke nuna ƙwallayen da yaro ya miƙa daidai, waɗanda ya zubar, da taswirar wuraren da ya fi tsayawa a fili. Kuɗin ya yi wa yaro ɗaya nauyi, amma idan ƙungiya ta yi karo-karo ba zai gagara ba.

Rahoton ne ya fi amfanata. Muna da wani ɗan wasan gefe da 'yan kallo suke yi wa tafi saboda iya yanka, har mahaifinsa ya fara maganar kai shi gwaji Legas. Da rahoton ya fito, sai ga shi yaron ne ya fi kowa zubar da ƙwallo a ɓangarenmu na fili, yayin da wani shiru-shiru a tsakiya, wanda ba a cika ambaton sunansa ba, kusan duk harin da muka kai daga ƙafarsa ya fara. Mahaifin ya zo shagon ransa a ɓace, sai babban cikin matasan ya kunna masa wuraren ɗaya bayan ɗaya, yana tsayar da hoton a daidai lokacin da ƙwallon take kuɓucewa, ya ce masa cikin ladabi: "Baba, ku duba da kanku, na'urar ba ta san ɗan wane ne ba." Maganar da na daɗe ina faɗa wa yaron ba ta shiga ba, amma da ya ga kansa a allo sai ya fara sakin ƙwallo da wuri.

Sai dai kada mutum ya zaci abin da ake gani a talabijin zai samu. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, tsarin gano satar gida ya dogara ne da kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin filin wasa, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa guda, ga kuma na'urar da aka dasa a cikin ƙwallon kanta. A nan kyamara ɗaya ce, a filin jar ƙasa wanda layukansa suke gogewa tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Saboda haka ban yarda da alƙaluman nisan gudu da suke bayarwa ba, kuma su ma da na matsa musu sun ce kiyasi ne kawai. Lokacin hunturu, da ƙura ta turnuƙe, manhajar ta haɗa aikin 'yan bayanmu biyu ta ɗora wa mutum ɗaya, domin tsayinsu ɗaya kuma lambobin rigunansu sun koɗe. Sun gyara da hannu ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma sai da na lura na kai ƙorafi, wanda ke nufin kocin da bai san yaransa sosai ba zai karɓi kuskuren a matsayin gaskiya. Rahoton kuma da Turanci yake fitowa, ko da yake suna zama su yi bayaninsa da Hausa ga wanda ya nema.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta gani kwata-kwata: yaron da yake tsara 'yan bayansa da murya, ko wanda ya yi gudun da ya janye mai tsaronsa domin wani ya samu sarari, ba ya samun ko maki ɗaya a takarda.

Iyaye sun fi son gajeren bidiyo na minti uku mai kiɗa, wanda aka tsinto kyawawan wurare zalla, kuma shagon yana yin sa tunda shi ne yake kawo ciniki. Shawarata ita ce a biya kuɗin cikakken wasa, domin duk mai neman ɗan wasa da gaske zai so ya ga abin da yaro yake yi idan ƙwallo ba ta ƙafarsa. Ƙungiyar da za ta kira su ta tabbatar rigunanta suna da manyan lambobi, a sake zana layukan fili da safe, kuma a sa wasan kafin rana ta karkata ta haske kyamarar.