Duba jerin babi ko bin atisaye: wanne ke nuna littafin lissafi ya bi manhaja?

Malama, kin ce an kawo muku littattafan lissafi guda biyu na ƙaramar sakandare, kowanne an buga a bangonsa cewa ya dace da manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, shugaban makaranta kuma ya bar miki zaɓi. Kina tambaya ko ya wadatar ki gwada jerin babobinsu da manhaja, ko sai kin kutsa ciki.

Duba jerin babi shi ne mai sauƙi. Lissafin JS1 zuwa JS3 ya kasu gida biyar a manhajar da aka shiga aji da ita a 2014: lamba da ƙirga, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, aljabara, awo da siffofi, sai ƙididdigar yau da kullum. Ki ajiye manhaja a dama, littafi a hagu, ki yi ta sa alama. Sa'a guda ta ishe ki. Da wannan za ki kama tsohon littafin da aka sauya wa bango kawai, domin manhajar da aka fara aiki da ita a 2008 an yi mata gyara, aka shiga aji da gyararriyar a 2014, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da wata sabuwa. Za ki kuma gane in an kai darasi ajin da ba nasa ba, kamar ƙirgan tushe biyu, na 0 da 1, wanda a JS1 ake fara shi. Iyakar wannan hanya ke nan. Kwafe kanun darussa daga manhaja ba ya gagarar kowane mawallafi.

Bin atisaye ya fi cin lokaci, amma a nan gaskiyar littafi take fitowa. Manhajar a jadawali take, kuma gefen kowane darasi an rubuta abin da ake son ɗalibi ya iya yi bayan an koyar da shi. Ɗauki lissafin x da y na JS3, inda ake neman ɓoyayyun lambobi biyu a lokaci guda. Ana son yaro ya warware shi ta zanen giraf, ta musanya, da ta soke ɗaya daga cikin haruffan. To ki ƙirga tambayoyin babin, ki ware su bisa hanyoyin nan uku. In kin tarar kusan duka na sokewa ne, giraf kuwa misali ɗaya aka yi aka wuce, babin yana nan amma ya gaza. Ki duba kuma ko akwai tambayar da yaro zai gina lissafin da kansa: biro biyu da littafi ɗaya naira 700, biro ɗaya da littafi ɗaya naira 500, nawa ne kowanne? Yaron da aka saba miƙa wa 2x + y = 700 a shirye, a nan yake tsayawa cak, ko da ya iya sokewa.

A Amurka akwai ƙungiyar EdReports da ke irin wannan bincike. Rahotonta na farko a 2015 ya nuna yawancin littattafan lissafin da ta duba ba su cika sharuɗɗan ma'aunin karatun da aka auna su da shi ba. Abin da ya burge ni a tsarinta shi ne, littafin da ya faɗi a kan abin da ya ƙunsa ba a ma kai ga duba daɗin amfani da shi.

Ni dai da zan zaɓa, sai in tace da hanyar farko, in yanke hukunci da ta biyu. Ba sai kin bi littafin duka ba. Darasi uku sun isa, ɗaya daga kowane aji, kuma ki zaɓi waɗanda yaranki suka fi faɗuwa a kansu a jarrabawar BECE, ta kammala JS3. Kafin komai, ki buɗe shafin ciki ki ga shekarar da aka yi wa littafin gyara, domin shekarar sake bugu daban take.