Shigar tsutsa ko shigar iska: wacce ta fi tayar da hankali?

A majalisar masu kallon shirye-shiryen sararin samaniya a Unguwar Rogo, Jos, gardamar ta ƙi ƙarewa: idan baƙuwar halitta za ta mallake ma'aikatan jirgi, wacce hanya ta fi armashi?

Akwai ta tsutsa. A shirin talabijin na Star Trek: The Next Generation, kashin "Conspiracy" na 1988, halittar tana shiga ta baki ta juya manyan hafsoshi, sai ɗan tsinin da ke ƙeya ya tona mata asiri. Abin ƙyama ne, amma ana duba wuya magana ta ƙare.

Ta biyun ta fi kama ni. A "Power Play" na 1992, rayukan wasu fursunoni marasa jiki suka shige ma'aikatan jirgin, Troi da O'Brien, har da Data, wanda inji ne (ashe ƙarfe ma bai tsira ba). Ba tabo, ba jini, fuskar tana nan, hali ne ya sauya. O'Brien ya yi garkuwa da mutane, ciki har da matarsa Keiko da jaririyarsu. Wanda ya taɓa ganin iska ta hau ɗan'uwansa ya san wannan tsaka mai wuyar: jikin naka ne, ta ina za ka doka? Dole Picard, kyaftin ɗin jirgin, ya miƙa kansa domin a saki waɗanda suka ji rauni.