Hattara da mai tallar Bitil da ke mayar da injin AB ya koma AD a Bauchi

Jama'a, musamman masu sha'awar tsofaffin motoci a Bauchi da kewaye, akwai wani bawan Allah da ke baza hotunan Volkswagen Bitil a Facebook da zaurukan WhatsApp, yana tallarsu da sunan "ƙirar Jamus, injin 1600, bai taɓa sauka ba". Ba zan kama suna ba, domin magana tana hannun manya, kuma dama suna da lambar waya canza su yake yi kamar riga. Salon aikinsa ne ba ya canzawa, shi ya sa zan tsaya a kansa.

Da farko zai turo maka hotuna masu kyau, har da hoton lambar inji an ɗauko ta kusa, AD ɓaro-ɓaro, wato haruffan injin 1600. Sai ya ce motar ta wani tsohon ma'aikaci ce da ya rasu, magada na son raba gado, akwai wani Alhaji daga Kano da ke kan hanya, don haka ka sa kafin alƙalami a riƙe maka. Ranar gani kuma ba ya yarda da safe. Dab da magariba zai kira ka wani fili a hanyar Jos, ka tarar inji ya riga ya yi zafi yana kaɗawa, kowa na saurin tafiya masallaci. Haka ya yi wa wani maƙwabcina, dattijo mai ritaya, wanda ya daɗe yana burin irin motar da mahaifinsa ya hau.

Lambar injin Bitil tana baya, a jikin gangar injin, ƙarƙashin ƙafar da dainamo ke zaune a kai, saman fulin da fanbel ke ja. Harafi ɗaya ko biyu ne a gaba, sai lambobi. A injinan Jamus, D na nufin 1200 mai ƙarfin doki 34, F 1300 ne mai doki 40, H kuma 1500 mai doki 44. Daga ƙirar 1971 aka fito da masu ƙofar iska biyu a kowane kai (murfin silinda): AB shi ne 1300 mai doki 44, AD shi ne 1600 mai doki 50. To a nan ɗan damfarar ya samu ƙofa. AB da AD a ido kusan abu ɗaya ne, manifol iri ɗaya mai robobi a gefe biyu, gidan fanka iri ɗaya. Harafi guda ya raba su, kuma mayar da B ta zama D aikin ɗan lokaci ne ga mai giranda da fancin haruffa.

Da aka kai motar wurin wani tsohon bakanike da ya yi zamani da Bitil tun ana haɗa ta a Legas (kamfanin Volkswagen na Najeriya ya fara aiki a 1975), bai ko tayar da ita ba. Tsumma ya jiƙa da fetur ya goge wurin lambar, sai ga fentin azurfa yana biyo tsumman. Ya karkata tocila ta gefe ya ce, "Alhaji, kawo yatsanka." Wurin da harafi na biyu yake ya ɗan lotsa, ya yi santsi fiye da kewayensa, ga sawun giranda siri-siri a kwance. D ɗin ta fi A zurfi, ta ɗan karkata, ba ta kan layi ɗaya da sauran. Dattijo ya ce, "Baba, ko dai gyara aka taɓa yi a wurin?" Ya ce masa, "Ranka ya daɗe, gyaran inji ba ya kai mutum kan harafi."

Da aka sauke kai guda aka auna bakin silinda, milimita 77 ya bayar. Na 1600 milimita 85.5 ne, na 1500 kuma 83. Wannan awon shi ne alƙali, don ko lambar da ba a taɓa ba iyakarta ta gaya maka yadda injin ya baro kamfani. A tsawon shekara hamsin an sha canza fistin da silinda, wani 1300 ɗin an ɗaga shi ya koma 1600, wani kuma akasin haka. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa maka. Laifin shi ne a kankare ƙarfe a buga ƙarya a karɓi kuɗin 1600.

Abin da ya fi ba ni haushi, ƙaryar ba ta ma yi tsari ba. Ya ce motar ƙirar 1976 ce da injinta na asali. AD kuwa a 1973 aka daina shi, AS ya gaje shi, kamar yadda AR ya gaji AB. Da an san wannan kaɗai, da tun a hoton WhatsApp ciniki ya mutu. Haka idan wani ya ce maka Bitil ɗinsa mai rufin ƙarfe ƙirar Jamus ce ta 1982, tashi ka ba shi wuri, don a Janairun 1978 Jamus ta daina ƙera ta. Bayan nan Brazil da Meksiko ne suka ci gaba, Meksiko har 2003.

Lambar shasi wuri biyu take. Akwai farantin da ke but ɗin gaba bayan safayar taya, akwai kuma wadda aka buga a ƙarfen tsakiya ƙarƙashin kujerar baya. Faranti da ribit aka kafa shi, kowa na iya cirewa, saboda haka ɗaga kujera ka duba ta ƙasan. A na Jamus daga ƙirar 1965, lambobi biyun farko nau'in mota ne, na uku shi ne ƙarshen shekara. 116 mai lambobi tara 1966 ce, 116 mai lambobi goma 1976. A motar maƙwabcina faranti da takardu sun yi baki ɗaya, ƙarfen ƙasa ya faɗi wani abu daban. Asarar kuɗi ta fi wannan sauƙi, domin duk ranar da aka tare ka a shinge aka ga lamba ba ta dace da takarda ba, kai ne za ka yi bayanin inda mota ta fito, shi yana can ya kashe waya.

Sai giyabos, wanda kusan babu mai leƙawa don sai an kwanta a ƙasa. Lambarsa tana jikin gidan ta gefen dama, ita ma da haruffa biyu, kuma kada a rikita su da na inji, don a nan ma akwai AB. AB na giyabos na 1300 ne, rabonsa 4.375, wato haƙori 35 a kan 8. AC na da 4.125, AH ma 4.125 ne amma na masu sandar taya mai gaɓa biyu da robobi, AT kuma 3.875. Ƙaramar lamba ita ce "doguwar giya" da mutumin ke kurari da ita, wadda ke sa inji ya huta a doguwar hanya kamar ta Bauchi zuwa Gombe. Shi ya wanke ko'ina fes, wurin lambar kaɗai ya bari da dasƙararren giris da laka. Da aka kankare, AB ce. Kuma giya ta biyu tana fita da kanta da zarar an saki totur a gangara, abin da zagayen fili da magariba ba zai taɓa nunawa ba. A hanyar Dass ta tona kanta.

Ni dai ra'ayina, 1300 mai lafiya ba abin raini ba ne, ga sauƙin mai ga juriya, kuma da ya faɗi gaskiya da ya samu mai saye a kan farashinta. Amma wanda zai je ganin Bitil, ya je da safe inji na sanyi, da bakanikensa ba na mai mota ba, da tocila da tsumma da ɗan fetur a gora. Kada ko sisi ya fita kafin yatsanka ya taɓa lambar inji, idonka ya ga ta ƙarƙashin kujera, gadon bayan bakanikenka ya taɓa ƙasa a gindin giyabos. In ya ce ba za a goge fenti ba, ko ba za a ɗaga kujera ba don "za ta lalace", ciniki ya ƙare a nan.

Zuwa yanzu an karɓo wa dattijon wani ɓangare na kuɗinsa, saura ana ta alkawari. Mutumin kuma ya sake ɗora wata Bitil ruwan ganye da sabuwar lambar waya, wannan karon ya ce motar tana Gombe, kuma hoton lambar injin da ya saka shi ne dai wancan na AD mai karkatacciyar D.